Kada Mu Cinye Iri: Golden Eaglets da Makomar Yaran da Suke Ciyo Mana Kofi



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma ga dacewar in tsaya a gabanku. Batun da aka ɗora mini shi ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wato Golden Eaglets, da gasannin duniya da ta buga. Na yi shekaru ina malamin makaranta mai kula da wasanni, don haka da idon malami zan kalli batun, kuma da zuciyar uba.

Bari in fara da abin da kowa ya sani a karkara. Idan manomi ya gama girbi, kafin ya ɗebi na tuwo sai ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, ya ɗaure ta, ya rataye a ƙuryar rumbu. Wannan shi ne iri. Ko bazara ta yi tsanani, ko yara suna kukan yunwa, ba a taɓa shi. Gidan da ya daka irinsa ya tuƙa tuwo zai ƙoshi dare ɗaya, amma ranar da ruwan shuka ya sauka zai fito gona hannu rabbana. Abin da nake so in tabbatar muku yau shi ne: yaran Golden Eaglets iri ne, mu kuwa mun daɗe muna cinye shi muna murna. Zan kawo hujjata a kan batutuwa shida.

Batu na farko: tarihin da ya cancanci alfahari

A shekarar 1985 hukumar FIFA ta shirya gasar kofin duniya ta yara karo na farko a ƙasar Sin. A lokacin ta 'yan ƙasa da shekara 16 ce, sai a 1991 aka mayar da ita 17. Yaranmu suka tafi ƙarƙashin koci Sebastian Brodericks, Nduka Ugbade yana riƙe da kambun kyaftin. A wasan ƙarshe a birnin Beijing suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema. Wannan ne karo na farko da wata ƙasar Afirka ta ɗaga kofin duniya na FIFA, kowane iri ne kuwa. Shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, shi ya raɗa musu sunan da suke amsawa har yau. Dattawan da ke zauren nan ba su manta da wannan wata na Agusta ba. Na tuna yadda muka yi cincirindo a kan rediyo ɗaya, da yadda wanda bai taɓa taka leda ba ma ya yi ta tsalle.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A 1993 a Japan aka yi wasan ƙarshe tsakanin 'yan gida ɗaya, Nijeriya da Ghana, muka yi nasara da ci 2 da 1. A 2007 a Koriya ta Kudu aka tashi canjaras da Sifaniya, muka cinye ta a bugun fenareti. Kocin wannan tawaga, Yemi Tella, da ciwo a jikinsa ya ja ragamar yaran, kuma makonni kaɗan bayan dawowarsu ya rasu. A 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Manu Garba, ɗan Gombe, ya fito da tawagar da ta zura ƙwallo 26 a wasa bakwai, ta lallasa Meziko da ci 3 da nema a wasan ƙarshe a Abu Dhabi. Kyaftin Musa Muhammed, ɗan Kano, shi ya rufe da bugun tazara. Bayan shekara biyu a ƙasar Chile, yaran Emmanuel Amuneke suka riƙe kofin, suka doke Mali da ci 2 da nema, Victor Osimhen shi kaɗai ya ci ƙwallo 10 a gasar.

Kofuna biyar ke nan, kuma babu ƙasar da ta kai mu. Brazil, uwar tamaula, huɗu gare ta. Ban da wannan, sau uku muna zuwa wasan ƙarshe ba mu dace ba: a 1987 da Tarayyar Sobiyet, a 2001 da Faransa, sai 2009 a gidanmu, inda Suwizalan ta ci mu 1 da nema a Abuja. Mutanen Kano da Kaduna da Bauchi sun ga wasannin wannan gasa da idanunsu, a filayensu.

Duk wanda ya raina wannan tarihi bai yi adalci ba. Amma alfahari ba ya hana tambaya.

Batu na biyu: ina girbin?

Jama'a, me ya sa ake shirya gasar yara? Don a ga waɗanda za su zama manya gobe. To, ƙasar da ta fi kowa kofin yara, sau nawa ta wuce zagaye na biyu a babban kofin duniya? Ko sau ɗaya. Super Eagles sun kai wannan mataki a 1994 da 1998 da 2014, nan kuma suka tsaya.

Ku dubi wannan. A 2007 mun fitar da Jamus a wasan kusa da na ƙarshe. Cikin yaran da muka fitar akwai Toni Kroos. A 2009 mun tashi 3 da 3 da Jamus a wasan buɗe gasa a Abuja, a tawagarsu akwai Mario Götze. Bayan shekara biyar, a 2014, Kroos da Götze suka ɗaga babban kofin duniya a Brazil, Götze ne ma ya ci ƙwallon da ta raba gardama. Suwizalan da ta doke mu a Abuja ta samu Granit Xhaka da Ricardo Rodríguez da Haris Seferović, suka yi wa babbar ƙungiyar ƙasarsu hidima shekara da shekaru. Neymar ma ya zo Nijeriya a wannan gasa, aka fitar da Brazil tun a rukuni, bai ɗauki komai ba. Shin wannan ya hana shi zama abin da ya zama?

Namu fa? Macauley Chrisantus shi ya fi kowa cin ƙwallo a 2007, ƙwallo 7. Sani Emmanuel shi aka zaɓa gwarzon gasar 2009. Rabi'u Ibrahim, wanda mutanen Kano suka san irin gwanintar ƙafarsa, kowa ya sa rai shi zai gaji lamba 10. Dukansu sun buga ƙwallo a Turai, sun nemi halalinsu, kuma ba laifinsu na zo faɗa ba. Abin da nake cewa shi ne, ƙasar da ta yi musu tarba da ganguna ba ta gina musu matakalar da za su hau daga shekara 17 zuwa 25 ba. Hatta alkawarin tukuicin da aka yi wa gwarazan 1985, sai bayan shekara 30 aka cika shi.

Wani zai ce, Malam, ai akwai Kanu, akwai Osimhen. Gaskiya ne. Tawagar 1993 ta ba mu Nwankwo Kanu da Celestine Babayaro da Wilson Oruma, waɗanda suka ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Tawagar 2013 ta ba mu Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi. Ta 2015 ta ba mu Samuel Chukwueze da Osimhen, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 2023. Waɗannan su ne shaidar cewa irin namu mai kyau ne. In 'yan ƙwayoyin da suka faɗi a gefen hanya suka yi irin wannan yabanya, me zai faru da mun shuka duka a gonar da aka gyara?

Batu na uku: maganar shekaru

Nan ne wurin da ake rage murya, ni kuwa zan ɗaga tawa, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na tsawon shekara biyu, saboda an samu saɓani a ranakun haihuwar wasu 'yan wasa. Wannan ya jawo muka rasa damar karɓar baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 1991, sai a 1999 muka same ta. Daga 2009 FIFA ta fara amfani da na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. A jikin yaro mai tasowa akwai wata 'yar tazara a ƙarshen wannan ƙashi, wadda take rufewa idan girma ya kammala. An kasa rufewar mataki shida, wanda ƙashinsa ya kai mataki na shida ba ya buga gasar. A 2016, ana gab da wasan neman gurbi, yara 26 daga sansaninmu suka kasa tsallake wannan gwaji. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce: a Kamaru, hukumar da Samuel Eto'o yake shugabanta ta sallami 21 daga cikin yara 30 a kan wannan dalili.

Ita na'urar ba alƙali ba ce marar kuskure. Wani yaron ƙashinsa na saurin rufewa, sai a cire shi alhali gaskiya ya faɗa. Wani kuma ya haura shekarun amma ya tsallake. Maganin na asali shi ne takardar haihuwa da aka yanka tun jariri yana cikin zanen goyo, da rajistar makarantar firamare da ba a taɓa ta da abin gogewa ba.

Wa ake cuta idan aka rage shekaru? Bari in ba ku labarin wani ɗalibina. Shekarunsa 15 cif, na san ranar sunansa. Na kai shi wani gwajin zaɓen 'yan wasa. Ƙafarsa ta hagu abin kallo ce, amma aka haɗa shi da masu aske gemu kowace safiya. Duk inda ya juya sai a bangaje shi ya faɗi. Da yamma aka ce masa ba shi da ƙarfi, ya koma gida. A mota ya tambaye ni, "Malam, ni ma in na ƙara shekara biyar sai in dawo in ce 15 gare ni?" Wallahi har yau wannan tambaya tana ci mini rai. A rana ɗaya mun rasa ɗan wasa, mun kuma koya wa yaro cewa gaskiya ba ta biya.

Shi ma wanda aka rage wa shekarun an cuce shi. Yana haskawa a tsakanin yara, a saye shi a kan zai ƙara bunƙasa, alhali ya riga ya kai iyakarsa. Lokacin da takarda take cewa yanzu ne ganiyarsa, gwiwoyinsa sun riga sun gaji. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ku lura, ban ce duk kofin da muka ci da ƙarya muka ci shi ba. Osimhen da sa'o'insa sun tsallake gwajin, kuma shekarun da suka biyo baya sun gaskata su.

Batu na huɗu: dillalai da tsallaka teku

Da zarar an hura usur na ƙarshe, sai kasuwa ta buɗe. Akwai dillalai masu lasisi da mutunci, akwai kuma 'yan damfara masu yawo da takardar gayyata ta bogi. Na san gidan da uba ya sayar da gonar gado ya miƙa kuɗin ga wani mutum da ya yi alkawarin kai ɗansa gwaji Turai. An kai yaron wani birni a Arewacin Afirka, aka ajiye shi a masauki, mutumin ya ce zai je ya dawo. Sai da dangi suka yi karo-karo kafin aka dawo da yaron, ba gona, ba makaranta, ba ƙwallo.

Iyaye, ku riƙe wannan. Dokar FIFA ta hana a sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan da aka keɓe. Kuma ƙungiyar da take son ɗanka da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi, ba kai ba. Masu ƙungiyoyin unguwa, ku ma akwai haƙƙinku: idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin don a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma wa za a biya in ba ku yi rajistar ƙungiyarku ba, ba ku kuma rubuta sunan yaron a ko'ina ba?

Sannan ba kowace hanya ce sai ta bi ta Golden Eaglets ba. Ahmed Musa bai buga kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 ba. Daga Jos ya zo Kano Pillars, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasa a 2010, daga nan ya wuce Holan. Shi ne ya ci wa Nijeriya ƙwallo huɗu a babban kofin duniya, biyu a ragar Ajantina, biyu a ragar Iceland. Gasar cikin gida mai rai ita ce gonar da ake dasa yaro a ciki har ya yi ƙwari.

Batu na biyar: maƙwabta ba su tsaya jiranmu ba

A 2016 ɗin nan da na ambata, wa ya fitar da mu, muna riƙe da kofin duniya? 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar. Mun ci su 1 da nema a Abuja, suka ci mu 3 da 1 a Yamai. Daga nan yaran Nijar suka wuce har kofin duniya na 2017 a Indiya, karonsu na farko, suka doke Koriya ta Arewa, suka kai zagaye na biyu. Na yi baƙin ciki, na kuma yi farin ciki, domin abin da ya samu Maraɗi da Damagaram ai gida ya samu.

A kofin duniya na 2019 Holan ta fitar da mu a zagaye na biyu. A 2023 Burkina Faso ta tare mana hanya a gasar Afirka a Aljeriya. A 2025 FIFA ta faɗaɗa gasar duniyar zuwa ƙasashe 48, ta mayar da ita duk shekara a Qatar, aka ba Afirka gurbi 10, amma mai kofi biyar ba ta cikinsu.

Me wasu suka yi? Senegal ta dogara da makarantun ƙwallo irin su Génération Foot, inda Sadio Mané ya fito, da Diambars, inda yaro ke shiga aji da safe ya shiga fili da yamma. A 2022 suka ɗauki kofin Afirka na manya, a 2023 suka haɗa na 'yan ƙasa da 20 da na 'yan ƙasa da 17. Maroko ta gina makarantar ƙwallo ta Sarki Muhammad na Shida, ta yi haƙuri fiye da shekara goma, sai ga ta a wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2022. Mu kuwa, sai gasa ta ƙarato a kira dubban yara fili ɗaya a ce za a tace su cikin 'yan makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batu na shida: abin da ke hannunmu

Ba zan tsaya ina aika saƙo Abuja kawai ba, domin yawancin aikin yana nan unguwanninmu.

Iyaye, ku yanka wa kowane jariri takardar haihuwa, kuma kada ku sa hannu a canza ta ko wane ne ya roƙe ku. Kada yaro ya bar aji saboda ƙwallo. Targaɗe ɗaya na iya rufe littafin ɗan wasa, amma ilimi ba ya karyewa a fili.

'Yan'uwana malamai da shugabannin makarantu, ku dawo da gasar azuzuwa da gasar makarantu. Ku tsare filayen wasa. Makarantu nawa kuka sani da aka yanka filinsu aka yi shaguna? Yaron da ba shi da wurin guje-guje da yamma, wa ya san inda zai tafi? Gasar Ramat Cup da ake yi a Kano don tunawa da marigayi Murtala Muhammed ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Muna buƙatar irinta a kowace jiha, a kowace ƙaramar hukuma, har da ta 'ya'yanmu mata a yanayin da ya dace da tarbiyyarmu, domin Flamingos, tawagar 'yan matanmu ta ƙasa da shekara 17, sun zo na uku a duniya a 2022.

Masu horarwa, ku ne masu riƙe da amana mafi nauyi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku yarda a ci ku da yara na gaskiya. Kocin da ya sha kashi da 'yan shekara 15, amma bayan shekara takwas biyar daga cikinsu suna sanye da rigar ƙasa, shi ne ya yi nasara.

Hukumar NFF da gwamnatocin jihohi, a ajiye sunan kowane yaro a kundi tun yana shekara 12, a wajabta wa kowace ƙungiyar gasar ƙasa ta riƙe tawagar matasa mai buga wasa duk mako, a kuma riƙa bin sawun duk wanda ya taɓa shiga sansanin ƙasa, ko ya yi suna ko bai yi ba.

Mu kuma 'yan kallo, da muke cika gidajen kallo muna musu a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya, mu canza tambayar da muke yi. Idan yaranmu suka dawo daga gasa, kafin mu tambayi ina kofi, mu tambayi su wane ne a cikinsu, wace makaranta suke, wa zai riƙe su a baɗi.

Ku 'ya'yana da ke bayan zaure, da ku zan rufe. Na san akwai wanda takalminsa yake cikin jaka yanzu haka, yana jiran a tashi ya wuce fili. Ka riƙe shekarunka na gaskiya, ka riƙe littafinka, ka riƙe sallarka da mutuncinka. In an ce ka yi ƙanƙanta, ka yi haƙuri, ƙanƙantar nan ita ce dukiyarka. Mu kuma manya, alkawarin da ya kamata mu ɗaukar maka shi ne ba za mu daka ka don tuwon dare ɗaya ba. Za mu adana ka har ruwan shuka ya sauka.

  Allah ya jiƙan waɗanda suka yi wa wannan ƙungiya hidima suka riga mu gidan gaskiya, ya kuma raya mana zuriyarmu.